Na wanke kwandalar azurfa ta 1827, dillali ya ce na kashe ta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Filadelfiya. Wani tsoho maƙwabcina ya ba ni kwandalar rabin dala guda biyu kafin ya koma gidan 'yarsa, ɗaya ta 1827, ɗaya ta 1817, duk sun yi baƙi. Na dirje ta 1827 da man goge baki har ta yi fes, amma da na kai wa dillali sai ya ce da ban taɓa ta ba da ya ninka mini kuɗin. Cuta ce ko gaskiya? Ta 1817 kuma na ga ana cewa a YouTube ta haura dala dubu 200. In wanke ta kafin in kai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka ƙarasa karanta wannan, ɗauke ta 1817 ɗin daga kusa da famfo. Dillalin bai cuce ka ba, kai ka cuci kwandalar, kuma aikin gama ya gama.

Na gaji da maimaita wannan magana. Mun tashi muna ganin iyayenmu mata na goge awarwaron azurfa da toka ko lemun tsami, sai muka ɗauka duk azurfa gyaranta ke nan. Awarwaro daban, kwandala daban. Baƙin da ka gani ba dauɗa ba ce da ta zauna a kai. Azurfar ce da kanta ta haɗu da farar wuta da ke cikin iska da takardar da aka naɗe ta, shekara kusan 200. In ka cire shi, fatar kwandalar ka feɗe. Lokacin da hatimi ya danne ta a ma'aikata, ƙarfen yana malala daga tsakiya zuwa baki, ya bar siraran layuka da ido ba ya gani, su ne ke sa haske ya riƙa zagayawa in ka karkata ta. Man goge baki yana da gari mai kartar abu, don haka ne ma yake wanke haƙori. Ya share waɗancan layukan, ya bar nasa. Ɗauki ta 1827, ka kashe fitilun ɗaki ka bar ƙwai ɗaya, ka juya ta sannu a hankali. Filin da ke gaban fuskar matar da ke jikin kwandalar za ka gan shi da karce-karce sirara kamar gashin jariri, duk sun nufi gefe guda, inda yatsanka ya bi. Abin da dillali ya hango ke nan tun kafin ka zauna.

Kuma kada wani ya ce maka akwai ruwan da ake tsomawa ba ya lahani, ko a dafa ta da takardar alminiyam, ko a binne ta a ƙasa baƙin ya dawo. Masu irin wannan bidiyo kallo suke nema, ba su da asara a ciki. PCGS da NGC, kamfanonin da ke tantance kwandaloli su ba su maki, da zarar sun ga alamar wanki, ba za su ba ta lamba a ma'aunin 1 zuwa 70 ba. Sai dai su rubuta cewa ta gaske ce amma an wanke ta, kuma rubutun nan zai bi ta duk kasuwar da ta shiga. Wata 'yar wanki takan sake yin duhu bayan shekaru, amma kartar tana nan a ƙarƙashi.

Abin da zai ɗan sanyaya maka rai shi ne 1827 ba shekara ce mai wuyar samu ba. An buga sama da miliyan 5, kuma da yake an dakatar da buga dalar azurfa tun 1804, bankuna sun yi ta jibge waɗannan a matsayin ajiya, shi ya sa da yawa suka tsira. Duk da haka kada ka sallama ta da gaggawa. A littafin Al Overton da ya jera ire-iren waɗannan kwandaloli, wanda ya fara fitowa a 1967, shekarar 1827 ce ta fi kowace yawan haɗin hatimi, wato hatimin gaba da na baya da aka haɗa wajen bugu, 49 cif, daga O-101 zuwa O-149. Da hannu ake dasa taurari da lambobi a kowane hatimi, don haka babu biyu da suka yi daidai. Duba ko gindin 2 ɗin a miƙe yake ko a lanƙwashe, ko akwai ɓurɓushin 6 a ƙarƙashin 7. In ta faɗa cikin masu wuya, masu bin Overton za su saya ko da wankinta.

Sai ta 1817. Wadda ake yi wa kururuwa ita ce mai 7 a kan 4, wato wadda aka dasa 7 a kan tsohon 4 a lambar shekarar, kuma waɗanda aka sani a duniya ba su wuce goma sha ɗaya ba, alhali an buga fiye da miliyan ɗaya a shekarar. Akwai mai 7 a kan 3, wadda ta fi samuwa nesa ba kusa ba, kuma ita mutane kan gani su hana kansu barci. Sa madubin ƙara girma a kan lambar ƙarshe, kada ka sa allura.

Ka kuma ɗora ta a sikeli. Sabuwa giram 13.48 ce, wadda ta sha hannu takan ragu kaɗan. A gefenta dole ka ga rubutun da ke cewa santi hamsin ko rabin dala. Gefe mai zara-zara sai a 1836 ya fara. In maganaɗisu ya ja ta, jabu ce, magana ta ƙare. Wajen lalacewa, dubi kunci da sumar da ke saman kunne da kafaɗun mikiyar da ke bayan kwandalar. In ka ga tsakiyar rubutun da ke saman kan mikiyar ya dushe, kada ka tsorata, sau da yawa bugun ne bai kama ba tun asali.

Riƙe ta ta gefe, kada ka sa ta a leda mai laushi don tana barin kore. Ka ɗauki hotonta gaba da baya da gefen, da baƙinta yadda take, ka turo mini in fitar maka da lambar Overton ɗinta kafin ka koma wurin dillali.