Je ka zauna da Hajiya kafin ka buɗe kwamfuta

Ɗana, jiya muna rufe shago ka yi mini tambaya ban amsa ba, don an kira magariba, kuma maganar ba ta tsaye ba ce. Ka ce Hajiyar nan da 'yarta ta gama karatun likita a Jami'ar Bayero ta turo hotuna 340 ta WhatsApp, ga leda guda ta tsofaffin hotuna, walima kuma ranar Asabar. Manhajar haɗa bidiyo ta CapCut za ta haɗa su a minti 20 har da kiɗa da walƙiya, to don me na ce sai mun kwana 3 a kai, kuma don me na hana ka taɓa komai sai ka je gidan da littafi da fensir? Na ji daɗi da ka tambaya maimakon ka bar abin a ranka. Karanta a natse.

Bidiyon da za mu haɗa na yini ɗaya ne. Za a haska shi a majigi, a yi dariya, a share hawaye, ƙawayen likita su yanki guntu su sa a waya, bayan mako biyu wani bikin ya taso. Abin da ke cikin ledar nan kuwa ba shi da na biyu a duniya. Situdiyon da ya ɗauki hoton auren Hajiya ya rufe tun ba a haife ka ba, nagetif ɗin kuma babu wanda zai ce maka ga inda yake. Ita ta zo ne don bidiyo, amma dukiyar gidansu ta ajiye mana a kan kantar shago, kuma wataƙila wannan ne karo na farko da na ƙarshe da za a fito da hotunan daga ƙasan adaka a miƙa wa wanda ya san kansu.

Shi ya sa na ce ka je. Hoto ba ya magana. Kai abin da za ka gani shi ne wani dattijo da babbar riga a jikin Vespa. Ita za ta ce maka wannan Baban Zariya ne, shi ya kai yarinyar makarantar allo ranar farko, shi ya saya mata allon. Da wannan magana ɗaya ka san inda hoton zai zauna a bidiyo da daƙiƙa nawa ya cancanta. Duba kwalin da ke ƙarƙashin teburin sikana: hotuna ne da aka kawo wanki shekara da shekaru ba a dawo karɓa ba. Fuskoki ne masu kyau, amma ba suna, ba gari, ba shekara, ko jikokinsu suka shigo shagon nan ba za su gane su ba. Kowane hoto ka ɗaga, tambaye ta wane ne, ina ne, wace shekara. In ta manta shekarar, tambaye ta wa take goyo a lokacin, ko kafin ta je Hajji ne ko bayan ta dawo. Tsofaffi da abin da ya faru suke lissafi. Ka rubuta a littafi da lamba, ka sa lambar a bayan hoton da fensir mai taushi. Biro yana tsaga takarda, tawadarsa kuma tana ɓullowa ta gaba ko ta shafi hoton da ke ƙasa. In ta yarda, ajiye waya tana ɗaukar muryarta yayin da take bayani.

Akwai kuma abin da babu manhajar da za ta gaya maka. A cikin ledar za ka iya samun matar da aka rabu da ita ba da daɗi ba. Za ka samu hoton 'yan mata a tsakar gida ba mayafi, wanda aka ɗauka don 'yan ɗaki, ba don zauren da maza suka cika ba. Mahaifin likitar ya rasu tana tsakiyar karatu. Wani gidan so suke a nuna mamaci a yi masa addu'a, wani gidan zuciyar uwar ba za ta ɗauka a gaban jama'a ba. Ba kai za ka yanke wannan ba, ba ni ba. Hajiya za a tambaya, hoto bayan hoto.

Sai sikanin. Goge gilashin sikana da ƙyalle mai laushi, hoton kuma ka kaɗe masa ƙura da busasshen burushi, kada ruwa ko kananzir ya kusance shi. Ƙa'idata a shagon nan ita ce ɗigo 600 a inci, abin da sikana ke rubutawa dpi. Ga dalili. Hoto mai inci 4 da 6 in ka ɗauke shi a 300, zai ba ka ɗigo 1800 da 1200. Allon talabijin na yanzu 1920 ne da 1080, wato da kyar ya cika shi, kana matso da fuska sai ta dushe. A 600 kana da 3600 da 2400, ka matso yadda kake so. Hoton fasfo kuwa, wanda sau da yawa shi kaɗai ya rage na kaka, kai shi 1200, domin a 300 ko rabin tsayin allo ba zai cika ba. Wanda ya manne da gilashin firam saboda laimar damina kada ka ɓamɓare shi, fuskar za ta biyo gilashin. Ɗauke shi yadda yake. Haka na cikin albam mai gam. In Hajiya ta ce a yi musu laminatin don su daɗe, ka ba ta haƙuri: zafi da gam ne ake liƙa wa hoton, kuma ba a cirewa.

Su 340 na WhatsApp ɗin ma ba asalinsu ba ne. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa nauyi, ya kuma cire bayanin ranar da aka ɗauke shi. A waya ba za ka lura ba, a bango za ka ga fuska ta farfashe. Bayan mun zaɓi waɗanda muke so, ka roƙi likitar ta sake turo su a matsayin fayil, ko ka je da kebul ka kwafo daga wayarta kai tsaye.

Yanzu abin da na fi so ka riƙe. Na san kana da manhajar nan da ke gyara fuska, ka sa mata dusasshen hoto ta fito da shi tas kamar yau aka ɗauka. Ni ma na yi amfani da irinta. Wani bawan Allah ya kawo mini hoton mahaifinsu baƙi da fari, ɗan ƙarami, wanda aka yi wa fasfon Hajji. Na sa a manhaja, ya fito fes, na ji daɗi, shi ma ya ji daɗi don bai wuce shekara 5 ba lokacin da uban ya rasu. Ranar walima hoton yana fitowa a bango, sai wata tsohuwa a layin gaba, ƙanwar mamacin, ta ɗaga murya ta ce wannan ba yayanta ba ne, ina billensa? Wuri ya yi tsit. Manhajar ta ɗauki billen kumatunsa a matsayin ƙarcewar takarda ta share, ta kuma sirantar masa da hanci. Ba gyara fuskar ta yi ba, wata ta ƙirƙiro daga fuskokin da aka koya mata. Da tsohuwar nan ba ta raye, da jikoki sun rataye baƙo a falo suna ce masa Kaka. Daren nan ban runtsa ba, kuma da asuba na koma shago na wanke musu na asalin, dusasshe yadda yake, na kai har gida na ba da haƙuri. Tun daga ranar, abin da muke taɓawa haske ne, da ƙura, da yagewar gefe, da jan nan da hotuna masu launi na shekarun 1970 da 1980 ke yi idan launin shuɗin cikinsu ya koɗe. Tsaga, wushirya, tabo, hasken fata ko duhunta, duk a bar wa mutum kayansa. Kuma kwafi ake gyarawa. Asalin sikanin yana folda dabam, ba a buɗe shi don editin, domin fayil ɗin hoto irin na JPEG duk sanda ka gyara ka sake ajiyewa sai ya zubar da wani abu.

Zaɓe kuma lissafi ne. Hoto 340 a daƙiƙa 5 kowane ya haura minti 28. Wa zai zauna, ga abinci yana hucewa, ga la'asar ta gabato? Hoto 80 a daƙiƙa 5 minti 6 ne da daƙiƙa 40, nan ne mutane ke cewa har ya ƙare? Hotuna 12 da ta ɗauka a tsaye wuri guda da rigar yaye, ɗaya ya isa. Hajiya za ta so a sa duka, kowace uwa haka take. Ka ce mata duka za su shiga filas, amma bango na zaɓaɓɓu ne. Jera su yadda rayuwar ta zo: goyo, allo, kayan firamare da suka yi mata yawa, walimar sauka da zayyana a hannu, sakandare, farar rigar asibiti. Na ga wani a cikin na wayar, likitar tana kan keken ɗinki a tsakar gida, ina jin lokacin yajin aikin jami'o'i na wata 8 a 2022 ne. Kada ka jefar da shi don ba shi da haske. Shi ne zai nuna wa ƙannenta cewa hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce. Hoton taro ka ba shi daƙiƙa 8, domin kowa kansa yake nema a ciki. Na mahaifin, in an yarda a sa, ba shi 10, kada ya motsa, ka sassauta sauti.

Walƙiya da taurari da hoton da ke juyawa kamar fanka, bar su. Wannan ya narke a hankali, wancan ya bayyana, sai ɗan matsowa kaɗan zuwa fuska. Hoton tsaye kada ka ja shi don ya cika faɗin allo, mutum ya koma kamar tulu, kuma kada ka yanke hula ko ɗankwali. Sunaye ka nuna wa likitar ta duba, ka kuma gwada salon rubutun da ka zaɓa da ƙ da ɗ da ɓ. Da yawansu ba su da waɗannan haruffa, sai ka ga akwati a tsakiyar suna.

Sauti ma sai an tambaya. Wasu gidajen ba sa son kiɗa ko kaɗan. In ka ɗora waƙar wani, Facebook da YouTube suna iya kashe sautin saboda haƙƙin mallaka, kuma ma haƙƙin mutum ne. Abin da na ga ya fi taɓa zuciya shi ne muryar uwar kanta. In ta yi wa 'yarta addu'a a cikin abin da ka ɗauka, ka nemi izini mu ɗora a kan hotunan ƙarshe.

Ka fitar da shi MP4 a 1080, mai faɗi don majigi, da wani gajere na tsaye don waya. Ranar Juma'a da yamma ka je zauren ka gwada a majiginsu da lasifikarsu, ka tambayi wanda ke riƙe da janareta.

Sai abin da za mu mayar mata. Filas abin kai saƙo ne, ba rumbu ba. Yana ɓata, yana mutuwa ba sallama, yara suna goge shi su sa fim. Faifai kuma zafin garin nan yana cin sa. Kwafi 3 za a yi: ɗaya a filas ɗinta, ɗaya a kwamfutar likitar, ɗaya a wajen gidan gaba ɗaya. Ka tuna Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye unguwanni a Maiduguri. Wanda albam ɗinsa da wayarsa da kwamfutarsa ke ɗaki guda, tare suka tafi. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, amma tun Disambar 2023 yana da ikon share asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba, don haka a sa a asusun da likitar ke buɗewa kullum, wani ɗan'uwa kuma ya san yadda ake shiga. Sunan kowane fayil ya fara da shekara, sai gari, sai mutanen ciki, kada ka bar lambobin da kyamara ke sawa. Littafin da ka rubuta mu buga shi mu sa a foldar. Za mu kuma wanke mata 20 mafi muhimmanci a takarda mai kyau, don takarda ba ta neman caji. Ka tambaye ta ko kaset ɗin bidiyon aurenta yana nan. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera injin kallon irin kaset ɗin, ya daina tun 2016, wanda ke shagonmu kuma tsoho ne. Gara mu juye mata yanzu yana aiki.

Ko guda ɗaya kada ya shiga wayarka, kuma kada in ga guntun bidiyon a TikTok da sunan talla, sai in ita da 'yarta sun ce a sa.

Gobe bayan la'asar za ka je, na riga na yi mata waya. Ɗauki ambulan masu faɗi don kada ka dawo da su a leda, da fensir biyu, wayarka da caji. Ka gaishe ta da kyau, ka durƙusa, in ta kawo ruwa ka sha. In ta tsaya a kan hoto ɗaya ta yi shiru, kada ka miƙa mata na gaba sai ta ajiye wancan da kanta.