Likita Na Amsawa: Ciwon Kwatangwalo, Sanyin Ƙashi da Fargabar Tiyata

Tambaya: Likita, kwatangwalon dama ke mini ciwo. A wane hannu zan riƙe sanda? Daga wani dattijo a Jarwal, Makka.

Amsa: A hannun hagu, Baba. Sandar da ƙafar da ke ciwo su riƙa fita tare, kuma kanta ya tsaya daidai wuyan hannunka in kana tsaye.

Tambaya: Gwiwa ce ke damuna, amma likita ya tura ni hoton kwatangwalo. Ko kuskure ya yi? Daga wata baiwar Allah a Madina.

Amsa: Bai yi kuskure ba. Ciwon kwatangwalo kan fara a matsematsi ya gangaro ta cinya har gwiwa. In sa safa ko yanke farcen ƙafa ya soma gagarar ki, ki je a ɗauki hoton.

Tambaya: Mahaifiyata ta haura sittin. Ta daɗe da sanyin ƙashin da ke kumbura yatsu, tana shan maganin asibiti mai suna methotrexate. Yanzu an ce kwatangwalonta ya cinye, sai an sa na roba da ƙarfe. Maƙwabta suka ce wanda aka sa wa ƙarfe ba ya ƙara tashi. Ta ajiye maganin asibiti, ta koma shan wani haɗi a cikin zuma da wata mata ke sayarwa a gida, kuma an yi mata lalas a ƙugu. Ciwon ya lafa, har fuskarta ta ciko, sai dai sukarinta ya hau. Mu bar maganar tiyatar? Daga wata ɗiya a Shara Mansur.

Amsa: 'Yar'uwa, wasiƙarki ta tayar mini da hankali. Cikowar fuskar nan ba ƙiba ba ce. Ciwo ya lafa farat ɗaya, fuska ta zama kamar faranti, sukari ya hau: waɗannan alamun kotizon ne, wani magani mai ƙarfi da ke danne kumburi da ciwo, kuma an sha samun irinsa a ɓoye cikin haɗe-haɗen da ba su da rajista. Zuma ba ta da laifi, abin da aka dama a ciki shi ne matsalar. Kotizon in aka daɗe ana sha ba ƙa'ida yana rarake ƙashi, yana iya toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, wato daidai wurin da Inna ke kuka da shi. Mai sayarwar ta karɓi riyalinta, ba ita za ta kwana a asibiti ba.

Amma kada ku zubar da haɗin yau ku ce an gama. Jikin da ya saba da kotizon, in aka yanke masa lokaci guda, jini na iya faɗuwa har mutum ya suma. Ku ɗauki kwalbar ku kai wa likitanta cikin makon nan, shi zai tsara yadda za a janye a hankali. In ta fara amai, jiri ko kasala mai tsanani, ku kira motar asibiti a 997, kada ku jira gari ya waye.

Cuta biyu ce a jikin Inna. Ta farko, garkuwar jikinta ce ke far wa gaɓoɓinta, shi ya sa yatsu ke kumbura, ta tashi da safe a sanƙare fiye da awa guda. Ta biyu, guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan kwatangwalo ya ƙare, ƙashi na gogar ƙashi. Tiyata na gyara ta biyun ne kawai. Ta farkon sai da methotrexate ko danginsa, sau ɗaya a mako, ba kullum ba, tare da folik asid da gwajin jini a kai a kai. Ajiye shi da ta yi ya bar cutar tana cin sauran gaɓoɓin, ko da ba ta ji ba saboda kotizon ya rufe ciwon.

Lalas kuwa, wallahi na gaji da ganinsa. A ɗora ƙarfe mai zafi a fatar tsohuwa mai sukari, mai raunin garkuwa, a ce ana neman ƙashin da ke can ƙarƙashin tsoka! Babu likitan da zai yanka kusa da gyambon da bai warke ba, domin in ƙwayar cuta ta shiga gaɓar roba, fitar da ita babban aiki ne. Masu kafa hujja da addini su koma hadisin Bukhari da ya ambaci zuma da ƙaho da ƙuna, su karanta ƙarshensa, inda Manzon Allah (SAW) ya hana al'ummarsa ƙunar. A nuna wa likita wurin, kada a shafa wa gyambon komai.

Ita tiyatar ba sabon abu ba ce. Tun 1962 wani likitan ƙashi a Ingila, John Charnley, ya daidaita irin wadda ake yi yau. Ana cire kan ƙashin da ya lalace a sa sabo, yawanci a tayar da mutum ya taka a ranar ko washegari, kuma fiye da rabin waɗannan gaɓoɓin na kai shekara 25. Tana da haɗarinta: ƙwayar cuta, daskarewar jini a ƙafa, gocewar gaɓar. Don haka likitan ƙashi da na sanyin ƙashi su yi magana da juna kafin a sa rana. Methotrexate galibi ba a tsayar da shi, amma allurai masu danne garkuwa akan ɗaga su, a dawo da su bayan rauni ya kame, wajen mako 2. A gaya wa mai ba da maganin barci cewa ta sha kotizon, a duba wuyanta domin cutar kan sassauta ƙasusuwan wuya, a gyara ruɓaɓɓen haƙori, a saukar da sukarin.

Na san ba kowa ke da ta'amin, wato inshorar lafiya, ba, kuma na san abin da ke sa wasunmu gudun asibiti. Ku tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, ko ku kira 937, layin ma'aikatar lafiya, don shawara. Ki kai ta, kada ki jinkirta.

Tambaya: In an yi mini tiyatar zan iya sujada da ɗawafi? Daga wani Alhaji a Misfala.

Amsa: Makonnin farko a kan kujera za ka yi sallah, Alhaji, kuma shari'a ta yarda wanda ya kasa tsayuwa ya zauna. Ka guji harɗe ƙafa da banɗakin tsuguno har likitanka ya ba ka izini. Ɗawafi da safa da marwa akwai keke a Harami, kada ka ji kunyar hawa.

Tambaya: Kullum nakan sayi ƙwayar rage ciwo ta Voltaren a saidaliyya, wato kantin magani, kafin in fita aiki, har da ranakun azumi. Akwai illa? Daga wani direba a Karantina, Jidda.

Amsa: Akwai, babba ma. Zafin Jidda, ƙarancin ruwa da wannan ƙwaya kullum, ƙoda da ciki ne ke ɗanɗana kuɗarsu. Ka je a gwada ƙodarka da jininka, a tura ka gashin ƙashi, ka rage tumbi in akwai. Ranar da ka ga bayan gida ya yi baƙi ko ƙafa ta kumbura, ka ajiye motar ka nufi asibiti.