Wane biki ne 'yan Koriya suke yi da kaka?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah a fina-finan Koriya ina yawan ganin iyali sun jera abinci a tebur suna rusunawa har ƙasa, wai Chuseok. Sallarsu ce ko me?

Amsa: Wa alaikumussalam 'yar'uwa. Chuseok bikin kaka ne, lokacin da sabuwar shinkafa ta shigo gida. Yana faɗowa ran 15 ga wata na takwas a lissafinsu na wata, daren da farin wata ya cika, shi ya sa wata shekara a Satumba wata kuma farkon Oktoba. Koriya ta Kudu hutun kwana uku take bayarwa, kowa ya kama hanyar garinsu, cunkoson motoci daga Seoul kuwa ba a magana.

Rusunawar da kika gani sunanta charye, kakanninsu da suka rasu suke girmamawa da amfanin gona na fari, al'ada ce da ta samo tushe daga koyarwar Konfushiyas, wani malamin falsafa na ƙasar Sin a zamanin da, ba kowane gida ke yi ba yanzu, Kiristoci da yawa addu'a kawai suke yi. Kafin ranar ma sai an je an nome ciyawar kaburburan dangi tas.

Abin da ya fi burge ni shi ne songpyeon. Garin sabuwar shinkafa ake kwaɓawa, a gutsuro ɗan kaɗan a lotsa shi da babban yatsa, a zuba riɗi da zuma ko wake, a like bakin ya koma kamar rabin wata, sai a turara a kan ganyen wata bishiya mai tsini kamar allura, ƙamshin ya kama shi. Kaka da jikoki a zaune ake yi, har ana tsokanar 'yan mata wai wadda nata ya fi kyau ita za ta haifi kyakkyawar 'ya. Amma fa gaskiya aikin girkin nan matan da aka auro gidan ya fi faɗa wa, kuma sun daɗe suna kokawa da hakan.

Akwai kokawarsu ssireum a filin yashi, kamar yadda namu 'yan kokawa suke fitowa da kaka, a da bijimin sa ake ba gwani. Mata kuma su riƙe hannu su yi da'ira suna rawar ganggangsullae a farin wata, UNESCO ta sa ta a jerin kayan gadon duniya a 2009.

Masu ban tausayi su ne tsofaffin da yaƙin 1950 zuwa 1953 ya raba da garuruwansu na Koriya ta Arewa. Ba halin zuwa kabarin iyaye, sai su taru a Imjingak kusa da iyaka, su jera abincin nan, su fuskanci arewa su rusuna.