Ga 'yar'uwar da aka ba riƙon kuɗin gini: kada ki yi irin shirun da na yi

Salama 'yar'uwa. Tun da safe na karanta tambayarki, sai da na ajiye waya na yi jugum, domin kamar labarina kike bayarwa. Kin ce an zaɓe ki ma'ajiya, wani dattijo yana zuwa karɓar kuɗi ba ya sa hannu, in kin ambaci rasidi sai ya ce ba ki amince da shi ba, kina tambaya ko ki yi shiru, ko ki ajiye aikin, ko ma ki daina ba da baiko gaba ɗaya. Don Allah kada ki yi shiru. Shirun nan ne ya ci ni.

Shekara huɗu na riƙe kuɗin rufin majami'armu. Kin san yadda ake tara irin wannan kuɗi. Matan zumunta suka yi ta noman gayya, wata ta kawo mudun gyaɗa, wata kaza. Akwai wata tsohuwa gwauruwa da ke kwance bakin zaninta kowace Lahadi ta ciro 'yan canjin daddawarta. Shi kuwa Baba, wani dattijon majami'armu wanda tun ina yarinya nake durƙusa masa, sai ya zo gida da magariba. “'Yata, kawo dubu hamsin, za mu kama kwano kafin ya yi tsada.” Sau uku yana zuwa. Na biyu na fito da littafi, ya kalle ni ya yi murmushi, ya ce ko a zamanin sarki Yowash ba a nemi lissafi a hannun masu aikin Haikali ba, domin amintattu ne. Kunya ta kama ni, na mayar da littafin.

Ranar rahoto aka ga giɓin naira dubu 180. Majami'a cike, har da baƙi. Kafin sakatare ya gama karantawa, Baba ne ya fara miƙewa, ya gyara babbar riga ya ce, “To, a tambayi ma'ajiya.” Ban taɓa sanin mutum zai iya jin ƙarar fanka haka ba. 'Ya'yana suna benci na gaba. Maigidana ya sunkuyar da kai. Na buɗe baki na ce, “Baba, ai kai ne...” ya ɗaga hannu ya ce, “A ina na sa hannu?” A ina kuwa? Na tsaya kamar an dasa ni, gumi yana bin bayana, wata mata a baya ta ce “ashe” da ƙarfi. Wannan “ashe” ɗin har yau ina jin sa. Wata biyu ban iya shiga kasuwa da rana ba. Na sayar da keken ɗinkina da awaki biyu na biya abin da ban ci ba. Shi kuwa mako na gaba shi ya yi addu'ar baiko. Na yafe masa, ko in ce ina kan yafewa, amma in ya fara addu'a idona ba ya rufuwa.

Daga baya ne na zauna na karanta 2 Sarakuna 12 tun daga farko, na ga aya ta 15 kawai ya tsinto mini. Firistoci ne suka yi ta karɓar kuɗin gyara, har shekara ta 23 ta sarautar Yowash ba su gyara komai ba. Shi ya sa firist Yehoyada ya ɗauko akwati ya huda murfinsa ya ajiye kusa da bagade. In ya cika, magatakardan sarki da babban firist ne ke zuwa tare, su ƙirga, su ɗaure a jaka, sannan a miƙa wa masu lura da aiki. Mutum biyu, daga ɓangare biyu. Wannan bai karanta mini ba.

Musa fa? Mutumin da ya yi magana da Allah baki da baki. Ki buɗe Fitowa 38, za ki ga ya sa an rubuta lissafin kayan alfarwa a ƙarƙashin Itamar ɗan Haruna: zinariya talanti 29 da shekel 730, azurfa talanti 100 da shekel 1,775, daga mutum 603,550, kowa rabin shekel. Har aka faɗi abin da aka ƙera da ita. Wane dattijo ne ya fi Musa? Ezra ma da zai taso daga kogin Ahawa auna azurfa da zinariya ya yi a hannun firistoci 12, da suka isa Urushalima aka sake aunawa aka rubuta. Ba wanda ya ce an raina shi.

Ki ƙirga kuɗi a cikin majami'a kafin kowa ya tafi, ku uku, kowa ya sa hannu. Kada ki kai shi gida ko na dare ɗaya, nan na fara kuskure. Litinin da safe a banki, asusun kuma ya zama sai da hannu biyu. Ki gaya wa maigidanki komai tun yanzu, ni ɓoye masa na yi don kada a ce ina zargin babba. Abin da dattijon ya riga ya karɓa, ki rubuta ranaku da adadi yau ɗin nan, ki kai wa fasto da sakatare tare, kada ki sami ɗaya a keɓe.

Maganar daina baiko kuwa, ni ma na daina kusan shekara, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma wa ya sha wuya? Mai bisharar da ke ƙauye ne ya yi wata uku ba albashi. A Nehemiya 13 haka ta faru, aka hana Lawiyawa da mawaƙa rabonsu, kowa ya gudu gonarsa, gidan Allah ya zama kango. Nehemiya bai ce a daina kawowa ba. Ya watsar da kayan Tobiya, wani baƙo da aka ba wuri a Haikali, daga ɗakin ajiya, ya naɗa mutum huɗu da aka shaida amincinsu a kan rumbuna, Yahuza duka suka dawo da ushirin hatsi da mai. Mutanenmu ba marowata ba ne, 'yar'uwa. A Fitowa 36 har sai da Musa ya sa aka yi shela a daina kawowa don kaya sun yi yawa. Na ga irin haka da idona: shekarar da sabon kwamiti ya fara manna rahoto a ƙofa kowane wata, rufin da ya gagare mu shekara huɗu aka gama shi kafin damina.

Ni dai da ni ce ke, ba zan ajiye aikin yanzu ba, don in kin sauka da giɓi a littafi, sunanki zai bi. Ki gyara lissafi tukuna a gaban shaidu. In ya sake zuwa da magariba, ki gaishe shi da ladabi, ki ba shi ruwa, ki ce kuɗi suna banki, sai kwamiti ya zauna. Zai yi fushi, ƙila ya daina amsa gaisuwarki. Nawa ma ya daina, bayan ya karɓi kuɗin. Keken ɗinkin ne har yanzu ban mayar ba, na maƙwabciya nake ara.