Amsa ga ƙanenmu kan kakar 2014 ta Kano Pillars, Sai Masu Gida

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kun yini lafiya. Ƙanena, na saurari saƙonka da ka ce wai a kakar 2014 ta gasar ƙwallon ƙafa ta Najeriya Enyimba ce ta fi kowa, Kano Pillars kuwa sa'a ce da wasan gida suka ba ta kofi. To tsaya ka ji.

Hujjarka ita ce Mfon Udoh, ɗan wasan Enyimba a lokacin, kuma ban musa ba. Yaron ya ci ƙwallo 23 a waccan kakar, ya goge tarihin Jude Aneke na Kaduna United mai ƙwallo 20. Wallahi ya yi ƙoƙari. Amma gasar lig ai ba ta mutum ɗaya ba ce, maki ake tarawa tun daga farko har ƙarshe, kuma da aka rufe teburi Pillars ce a sama, Enyimba na biye.

Abin da nake so ka duba, ka ga koci Baba Ganaru ne ya ci mana kofin 2012 da na 2013, sannan ya tafi. Aka kawo Okey Emordi. Tun kafin a fara lig AS Vita ta Kongo ta fitar da mu daga gasar zakarun Afirka tun a zagayen share fage. Mutane da yawa a Kano suka ce shi ke nan, an gama. Amma su Rabi'u Ali Pele da Gambo Muhammad suka riƙe ƙungiyar nan, ba su bari ta watse ba. Sabon koci, ga baƙin cikin Afirka, ga kowace ƙungiya ta ɗaura ɗamarar sai ta kayar da mai riƙe da kofi, amma aka sake ɗauka. Uku a jere fa! Kafin mu Iwuanyanwu Nationale ta yi haka daga 1988 zuwa 1990, Enyimba ta yi daga 2001 zuwa 2003. Idan ka yaba wa Enyimba nata, to namu ma ka yaba.

Maganar wasan gida kuma, e, gaskiya ne, mun shafe wajen shekara 12 ba a doke mu a Kano a lig ba, sai a 2015 da Nasarawa United ta zo ta ci 2-1. Amma kowace ƙungiya tana da gida, Enyimba ma tana da Aba. Me ya hana sauran su riƙe nasu haka?

Kuma abin da ke sosa min rai, a watan Maris na 2015, waɗannan yaran suna hanyar Owerri za su buɗe sabuwar kaka da Heartland, 'yan fashi suka buɗe wa motarsu wuta a wajajen Abaji, har Gambo ya samu rauni. Irin hanyoyin da suke bi ke nan suna nemo maki a waje. Don Allah ƙanena, kada ka ƙara cewa sa'a ce.