Ciyawar Ado a Tsakar Gida: Iri Zan Saya ko Dashe?

Tambaya: Na gama gini a Kaduna, ina son shimfiɗa ciyawar ado a fili mai faɗin mita 10 da tsawon mita 10. Masu sayar da furanni sun ce in sayi dashe, ni kuma iri ya fi mini araha. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Alhaji, idan filin yana shan rana sosai, sayi irin kiri-kiri, wadda 'yan kasuwa ke kira Bamuda. Kilo 1 ya ishe ka. Amma in akwai inuwar darbejiya ko mangwaro, kada ka ɓarnatar da kuɗinka, kiri-kiri ba ta jure inuwa. Nan dashen ciyawa mai faɗin ganye ya fi.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙasar. Magina kan bar ɓaraguzan bulo da busasshen siminti, a rufe da jar ƙasa, mai gida ya zaci fili ya gyaru. Sa a kafce zurfin taƙi guda, a tsince duwatsu, a zuba baƙar ƙasa da takin shanu wanda ya ruɓe. Ɗanyen taki cike yake da 'ya'yan ciyayi. Daga nan kada ka yi gaggawar shuka. Yi ta ban ruwa mako 2 zuwa 3, harƙiya da gude-gude su fito, a share su sama-sama da fartanya. Aya-aya da tofa kuwa sai an tono su da saiwarsu, don ko guntu aka bari zai sake tsirowa. Wallahi wannan jiran ya fi duk wani magani da za ka saya.

Irin ƙanana ne ƙwarai, saboda haka gauraya shi da yashi kafin ka watsa, rabi ta tsawon filin, rabi ta faɗinsa. Kada a binne shi, a dai danna shi da katako. Farkon damina ya fi dacewa. Ruwan Agusta yana kwashe iri, sanyin hunturu kuma yana hana shi tsiro.

Tambaya: Tawa ta yi mako 3 da tsirowa, amma haki ya fara cinye ta. In sayi maganin feshi?

Amsa: A'a, Hajiya. Maganin da manoma ke share gona da shi, mai sinadarin gilaifoset, ba ya bambance haki da ciyawar ado, duka zai ƙone. Ko wanda ke kashe haki mai faɗin ganye kaɗai ba a fesa shi sai an aske ciyawar sau 3 ko 4 tukuna. Yanzu a cire da hannu bayan an yi ban ruwa, lokacin ƙasa na da taushi. Idan ta kai tsawon santimita 5 a fara askewa da kaifin wuƙa, a yanke kashi ɗaya cikin uku na tsawonta kawai. Bayan askin farko ki watsa takin zamani NPK 15-15-15 kaɗan da yamma, ki bi shi da ruwa nan take don kada ya ƙona ganyen.