Yadda ake cewa "ban iya zaɓen kyauta ba" da Turanci

Malam, kana tambayar yadda za ka gaya wa ɗan bautar ƙasar makarantarku ta ƙauyen Ringim cewa ba ka iya zaɓen kyauta ba. Ce masa: "I'm not good at choosing gifts." In kuwa ka iya, cire "not" kawai.

Sharaɗin shi ne, bayan "at" dole aikatau ya ɗauki "-ing". Ɗalibaina kullum "good in choose" suke rubutawa, a nan jan birona yake ƙarewa. "I'm bad at it" ma daidai ne, amma na raha da abokai ne. Kada ka faɗe shi kana miƙa masa hula da turare ranar bankwana, sai ya zaci kayan ne ba su da kyau.